Yayana, Kaftin Mai Fasa Faranti

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Yayana ya rasu a nan Alƙahira a farkon zafin bana, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Zuciya ce, bai yi doguwar jinya ba. Ina rubuta wannan saboda 'yan'uwa na gida da ba su san shi ba sai ta waya, da kuma yaran da za su taso su ji ana cewa an yi wani kakansu a Masar, su rasa wanda zai gaya musu ko wane ne shi.

A layinmu na unguwar Hayyin Ashir muka shimfiɗa tabarmi don zaman makoki. Maƙwabtanmu 'yan Sudan suka kawo butocin shayi da gahawa marar sukari. Ɗalibai 'yan Najeriya da na Nijar suka cika wurin, wasu na karatu a hankali, wasu na share hawaye, domin da yawansu sun ci tuwon gidansa lokacin da suka iso garin ba su san kowa ba. Ana cikin haka sai ga motoci masu tsada suna kutsowa cikin layin da ko mai amalanke sai ya yi dabara yake wucewa. Misirawa ne, maza da mata. Wani dogon likita ya cire takalmi, ya naɗe ƙafa a tabarma da ƙyar, ya kama hannuna ya ce, "Al-baƙa'u lillah, ya Hajj. Kaftin ubanmu ne." Bai iya ƙarasa maganar ba, ya rufe fuska da hankici.

Wani ɗalibi Basakkwace ya matso kusa da wani tsohon ɗan kasuwa na Maraɗi, ya yi ƙasa da murya, amma na ji shi.

"Baba, waɗanga manyan mutane fa? Ko marigayi ya yi aiki ofishin jakadanci ne?"

"Kai yaro, ka daɗe kana cinye masa tuwo ba ka san sana'arsa ba? Maharbi ne."

"Maharbi? A Masar? Me yake harbi, tantabarun mutane?"

"Faranti."

"Na cin abinci?"

Sai da tsohon ya sa hannun riga ya toshe baki don kada a ga yana dariya a gidan mutuwa. Ni ma na sunkuyar da kai. Da Yaya na nan, shi zai fi kowa ƙyaƙyatawa.

Mutum ɗaya ce ba ta fito ba, ko wurin mata ba ta zauna ba: 'yata. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa ni nake ce mata Mamana, Yaya kuma ya ce Uwata. Allah bai ba Yaya haihuwa ba, ita ce 'yarsa. Tun ranar da aka kai shi makwancinsa ta shiga ɗaki ta ja labule, kuma ni da mahaifiyarta mun san wannan labulen, mun taɓa ganin sa a rufe sama da shekara. Jarrabawarta ta ƙarshe a fannin haɗa magunguna na gabatowa, kuma makaranta ta riga ta ɗaga mata ƙafa iya yadda doka ta yarda. In ba ta zauna bana ba, karatun ya tafi. Mutane na yi min gaisuwa ina amsawa, amma rabin hankalina na sama, a bakin ƙofarta.

Bari in yi wa na gida bayanin farantin, don kada su yi tambayar Basakkwace. Wani ɗan faifai ne na yumɓu da kwalta, bai kai tafin hannu biyu ba, an shafa masa fenti ruwan lemo. Akwai inji a cikin rami da ke cilla shi sama da gudu kamar tsuntsun da aka razana. Maharbi ya tsaya da bindiga mai baki biyu, ya yi kira, farantin ya tashi, shi kuma ya fasa shi kafin ya yi nisa. Wasa ne, amma wasan da ƙasashe ke tura mutanensu su yi gasa a kai. Yaya ya je Italiya, ya je Maroko, ya je Kuwait da wasu ƙasashen da ban riƙe ba. Kofunan da ya ciwo suna saman kabad a falonsa na unguwar Dokki, matarsa tana ajiye allura da zare a cikin babban.

Ba wannan aka turo shi yi ba. Karatun addini ya kawo shi, tun ina yaro. A lokacin hutu, don ya samu na sabulu, ya kama aikin zuba faranti a cikin injin wani filin harbi. Wata rana wani dattijo daga masu zuwa filin ya ji an ce ɗan maharbi ne daga ƙasar Hausa, ya miƙa masa bindiga ya ce ya gwada. Yaya ya sha ba mu labarin yana dariya: bai fasa ko ɗaya ba. A dajinmu na ƙasar Ningi, Baba ya koya masa laɓewa, da jira, da kanne ido ɗaya a saita dabbar da ke tsaye. Shi kuwa faranti ba ya tsayawa kowa. Ya ce abin da ya hana shi barci ke nan, ɗan sarkin baka guda a ce kwano ya gagare shi. Ya koma, ya sake komawa, har karatu ya zama na gefe, daga baya ya sulale gaba ɗaya.

Ina nan ranar da ya je gida da kofinsa na farko. Baba ya juya kofin, ya leƙa cikinsa, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"To, da ka harbo abin, sai a yi yaya da shi?"

"Ai ya farfashe ke nan, Baba."

"Ba a miya da shi?"

"Ba a yi."

"Fatarsa fa?"

"Ba shi da fata."

Baba ya dubi mahaifiyarmu ya ce, "Kin ji. Na haifi maharbin da zai kwana da yunwa." Amma da yamma na gan shi ya ɗauki kofin a cikin burgaminsa na farauta ya tafi majalisa, kuma har ya bar duniya a ciki yake ajiye goronsa.

Ni ne ban yi saurin sakin zuciya irin na Baba ba. Da na biyo Yaya Masar na kama sana'ar turare da jallabiyoyi, in mutanen gida suka tambaye ni aikinsa sai in ce koyarwa yake yi, in bar su su ɗauka Nahawu ne ko Fiƙihu. Ya sani. Bai taɓa yi min magana a kai ba, sai dai in mun haɗu da baƙo ya ce, "Auta, gaya masa wane littafi nake karantarwa." Da furfurata da komai, Auta yake ce min, a gaban surukai, a gaban kwastoma.

Da yanar ido ta fara rufe masa idon dama, sai ya daina shiga gasa. Ba wanda ya ce ya daina. Har lokacin yana fasa abin da samari ke kuskurewa. Ya ce shi ya san farantin da yake gani da, ya san wanda yake gani yanzu, ba zai jira sai an fara tausaya masa ba. Aka yi masa aiki idon ya washe, amma bai koma ba. Ya ɗauki kujerarsa ta roba ya ajiye a bayan masu harbi, daga ranar ya zama Kaftin, kamar yadda Misirawa ke kiran duk mai horar da 'yan wasa.

Kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar bindiga, don a zamaninsu ba a damu da toshe kunne ba. Duk wanda zai zauna da shi sai ya jawo shi ta dama. In yana waya kuwa, har mai gadi a ƙasan bene yana jin sirrin gidan. Ba ya cin tantabara, duk da yadda Misirawa ke ji da ita a cusa mata shinkafa a gasa. Ya ce shekaru yana hawa rufin bene yana bin su da sandar tsintsiya don hannunsa ya saba da bin abu mai tashi, malamansa ne, ba zai ci malaminsa ba. Jikinsa kullum ƙanshin man goge bindiga, duk turaren da na ba shi sai man ya rinjaye shi. In sabon ɗalibi ya ƙura wa bakin bindiga ido, sai ya ce, "Daina kallon ta, ba ita ce za ta gudu ba." Kuma kiran da yake yi in yana son a saki faranti, "To!" ne kawai, irin namu. Ɗalibansa suka ɗauka haka ake yi. Har yau akwai likitoci da injiniyoyi a Dokki da ke daka tsawa su ce "To!" ba su san Hausa suke yi ba.

Ban san adadin ɗaliban da ya horar ba, shi ma ban jin ya ƙirga. Na san wata Bamisiriya da ta zo masa tana yarinya, iyayenta sun ce ba ta iya zama wuri ɗaya. Ita ce yanzu ke koyarwa a gurbinsa. Ranar makoki ta hau sama ta tsaya a ƙofar Mamana ta yi ta magana a hankali, ba a buɗe mata ba.

Abin da ya sami Mamana ya faru ne a shekarun da gari ya rikice. Tana dawowa daga makaranta a ƙaramar bas, suna cikin unguwar Abbasiya, sai harbi ya ɓarke gaba da baya. Direba ya gudu. Suka kwanta a ƙasan motar, ita da wasu mata, har la'asar ta wuce. Ko ƙwarzane ba ta samu ba, muka yi ta hamdala. Sai bayan kwanaki muka gane ba duka ta dawo ba. In mai sayar da tukunyar gas ya buga ƙarfensa a layi, sai ta daskare inda take, kofi ya suɓuce. In ana biki aka harba wasan wuta, sai a same ta a bayan kabad. Ta daina zuwa makaranta, ta daina zuwa kanti, daga baya ko baranda ba ta leƙawa. Mun yi addu'a, malamai sun yi, likita ya ba da magani ta samu tana barci. Amma ƙofar gida ta gagara.

Ranar da Yaya ya ce a ba shi ita ya riƙa kai ta filin harbi, a falona ne, muna shan shayi. Na ɗauka kunnena ne ya lalace irin nasa.

"Yarinyar da ƙarar murfin tukunya ke sumar da ita, ita za ka kai cikin bindigogi?"

"Ita fa."

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Auta, na ga manya masu gashin baki da tsoron ƙara ya kama, na ga yadda yake fita. Ban ce ni likita ba ne. Ta ci gaba da maganinta. Ni abu ɗaya na iya, ka bar ni in gwada shi."

Abin da na mayar masa ba zan so a maimaita shi a kaina ba. Na ce an turo shi neman ilimi ya ƙare a fasa kwanuka, ya bar min 'yata kada ya ƙarasa ta. Ya ajiye kofin shayin bai shanye ba, ya sa hularsa, ya ce, "Allah ya ba mu alheri." Muka shafe watanni ba ya zuwa, ba na zuwa. Ƙaramar Salla ta wuce, gaisuwa ta waya kawai, ita ma matanmu ne suka haɗa.

Matan ne kuma suka yi abin da suka ga dama. Matar Yaya, Bahaushiyar Sudan ce mai kaifin baki, ta haɗa kai da maiɗakina. In na fita shago, sai Yaya ya zo da tsohuwar motarsa har bakin bene, su sauko da Mamana a tsakiyarsu kamar amarya. Ban sani ba sai ranar da na dawo da wuri na tarar da gidan ba kowa. Kafin in gama tafasa, sai ga Yaya a shagona washegari. Ya zauna, ya sa aka kawo masa shayi a kuɗina, ya shinshina turare kala-kala bai sayi ko ɗaya ba. Da zai tashi ya ce, "Ka zo ka gani da idonka. In bai yi maka ba, ka ɗauke ta, ba zan ƙara magana ba."

Na je. Shi ne zuwana na farko filin, bayan duk shekarun da na yi a garin.

Ba bindiga na tarar a hannunta ba. Tana zaune can nesa a ƙarƙashin bishiya, an sa mata abin toshe kunne mai kama da ƙoƙo biyu, ga lemon mangwaro a gabanta. Aikinta ɗaya: ta kalli mai harbi, in ya buɗe baki ya yi kira, ta ɗaga yatsa kafin ƙarar ta zo. Ina kallo tana ɗagawa, ƙara na biyowa, kafaɗarta na zabura, amma ba ta tashi ba. Yaya ya jawo ni ta damansa ya ce, "Wadda ta same ta a Abbasiya ba ta yi sallama ba. Wannan tana sallama. So nake ta saba da mai sallamar tukuna."

A hankali ya riƙa matso da kujerar. Daga nan ya ba ta maɓallin da ke sakin faranti, ya zama ita ke sa a yi harbin. Sai da sanyi ya shiga ya fita kafin ya ɗora mata bindiga a kafaɗa, kuma a nan ne na ga dabarar da ɗalibansa ke ba da labari.

Yana da wasu harsasai da ba su da albarushi. Girmansu ɗaya da na gaske, nauyinsu kusan ɗaya, amma in an ja kunama sai dai a ji ƙas. Bebaye yake ce musu, na gasken kuma masu magana. Yana sa bebaye a aljihun hagu na rigar harbinsa, masu magana a dama. Ɗalibi zai karya bindigar, wato ya buɗe ta ta baya, ya kau da kai, Yaya ya jefa harsashi a ciki, ɗalibi ya rufe bai duba ba. Mai tsoron ƙara yakan runtse ido ya dannar da bindiga ƙasa tun kafin ta tashi, amma ƙarar takan rufe abin, ba ya sanin ya yi. In aka dace da bebe kuwa, sai shiru, ga bakin bindiga ya yi ruku'u a gaban kowa. Wasu masu horarwa nan suke yin faɗa. Shi ba ya yi. In ya faru da Mamana, sai ya leƙo fuskarta ya ce, "Uwata, kin gan shi?" Tsoron yake nufi. Ta ce, "Na gan shi, Baffa." Ya ce, "Tamam. Tunda mun gan shi, khalas, shi ke nan. Karya mu sake." Fuskarsa kuwa ba ta nuna komai, da bebe da mai magana, duk kallon mai jiran bas yake yi.

Ba ta zama gwana ba, bai kuma nemi ta zama ba. Tana fasa wasu, wasu su wuce. Amma ta koma makaranta. Da farko yana raka ta a jirgin ƙasa har Abbasiya, ya zauna a gidan shayi yana cika wa masu domino kunne har ta fito. Daga baya ya riƙa tsayawa a tasha. Ranar da ta tafi ita kaɗai ta dawo, ya zo gidana da kilon alawar basbusa, ya ce wai sha'awarta ce kawai ta kama shi. A ranar na ce masa ya yafe min maganar da na yi. Ya juyo min kunnen hagu ya ce, "Ta nan ka faɗa, ai ban ji ba."

Wannan shi ne mutumin da muka binne. Da aka share makoki, baƙi suka watse, ƙofar Mamana na nan yadda take. Takan fito ta yi alwala, ta ɗauki abinci kaɗan, ta koma. Littattafanta na kan tebur a falo, mahaifiyarta na goge musu ƙura. Na yi lallashi, na yi nasiha, har na fara jin muryata na hawa, sai na kama kaina na fita.

Dokki na nufa, wurin matar Yaya, tana cikin takaba. Na gaishe ta daga bakin ƙofa, na gaya mata halin da ake ciki. Ta shiga ciki ta fito da rigar harbinsa, mai faci a kafaɗar dama inda gindin bindiga ya cinye. Ta ajiye a gabana. Aljihun hagu ya yi nauyi.

"Hajiya, me zan yi da wannan? Ni ko bindigar wasan yara ban taɓa riƙewa ba."

"Wa ya ce ka riƙe? Jefa abu a rami ne. Kai da ka iya ɗura turare a kwalba mai bakin allura?"

"Ba zan iya abin da yake yi ba."

"Ba wanda zai iya. Amma yarinyar ba ta taɓa sa wa kanta harsashi ba, kullum wani nata ne ke tsaye a gefenta. Yanzu duba min, wa ya rage?"

Da na koma gida, na sa rigar a kan jallabiyata tun daga matakala. Ta yi min yawa a kafaɗa, ta matse ni a ciki. Na ƙwanƙwasa ƙofar Mamana na ce ni ne, ta buɗe ta ga wani abu. Ta daɗe kafin ta buɗe. Ta dube ni daga sama har ƙasa, na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta ce, "Baba, a bai-bai ka sa." Daga nan kukan ya zo, da dariya a cikinsa. Na ce mata ban iya komai ba, amma ina da hannu, in za ta je zan je. Washegari da hantsi na fito na same ta a falo da mayafinta da takalmi a ƙafa.

Bamisiriyar nan ta tarbe mu. Ta rungume Mamana, ta fito da bindigar daga ma'ajiya, ta zuba min masu magana a aljihun dama, ta nuna min yadda ake jefawa da inda zan tsaya. Ta ɗora min abin toshe kunne a kan hulata. Kujerar roba na nan inda take, ba wanda ya zauna a kai.

Mamana ta karya bindiga, ta kau da kai. Na kai hannu dama, na taɓa harsashin, na dubi wuyanta yadda jijiya ke bugawa. Hannuna ya ƙi. Na ce bari a fara da sauƙi, na ɗauko bebe. Ta yi kira, faranti ya tashi, ƙas. Bindiga ta ɗan sunkuya. Na biyu ma na ce bari ta ƙara hutawa. Na uku na ce ai ba a gaggawa. Haka na yi ta yi, ina tsince bebayen ina mayarwa aljihu, ina jin daɗi a raina don na ga bindigar ta daina sunkuyawa sam. Har na fara tunanin ashe abin ba wuya.

Sai ta sauke bindigar, ta buɗe ta, ta zame abin kunnenta.

"Baba, duk bebaye kake sa min."

"Wa ya gaya miki? Ba ki kau da kai ba ne?"

"Ga inuwarka nan a ƙasa. Hannunka bai ƙara zuwa dama ba tun na farko."

"To ai na ga kin daina tsoron."

"Me zan ji tsoro, na san ba abin da zai fito? In haka ne gara mu koma gida."

Bamisiriyar ta juya baya, kafaɗunta na girgiza don dariya. Da ta samu ta tsaya, ta zo ta ce da Larabci, "Ma'alish, ya Hajj, amma yau kai ne ɗalibin." Ta zura hannu ta kwashe na dama, ta juye su cikin na hagu, ta kama aljihun ta girgiza kamar mai haɗa gyaɗa da gishiri. "Yanzu kai ma ba ka sani ba. Kalli sama, ka ɗauko, ka jefa. Yalla."

Na kalli sama. Na yi bisimilla, na ɗauko abin da Allah ya ba ni, na lalubi ramin na jefa. Mamana ta rufe, ta ɗora a kafaɗa, ta yi kira. Ƙas. Bakin bindigar ya nutse ƙasa sosai, fiye da na farko. Ba wanda zai tambaye ta, don ni ban san ina da izinin yin tambayar ba. Ta tsaya tana kallon bakin bindigar, sannan ta faɗa da kanta, a hankali, "Na gan shi." Ta karya, ta kau da kai.

Na sake ɗaukowa. Ta yi kira. Wannan karon bindigar ta yi magana, kuma wanda ya yi tsalle ni ne. Abin kunne ya zame, hulata ta faɗi ta gangara. Farantin ya wuce abinsa lafiya lau, ya sauka can cikin ciyawa. Na juyo da sauri in ga ko tana tsaye.

Tana tsaye. Hawaye na bin kumatunta, hayaƙi na fita daga bindigar da ta riga ta karya. Ta miƙo min ita, ta kau da kai.

"Ɗauki hularka, Baba, ka sa min wani."

Mun koma filin sau da dama tun daga ranar. An fara jarrabawa makon jiya. Na ce zan raka ta Abbasiya, ta ce in tsaya a tasha, kuma kada in sa rigar.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo, ba da tarin littattafai ba, da abu ɗayan da Ka ba shi, wanda bai yi rowarsa ga kowa ba. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da iyayenmu a gidan aminci. Wanda ya karanta wannan, in ya samu sarari, ya yi masa addu'a, ya sa da 'yarsa a ciki, gobe tana da takarda da safe.